Ƙarfen da Nake Ba Ruwa a Gidan Injiniya

Ni ne Sarkin Ruwan ƙungiyarmu ta rediyo. Kada wani ya yi dariya. A gaban shaidu aka naɗa ni, na kuma riƙe sarautar shekara goma sha ɗaya ba a tuɓe ni ba. Aikin kuwa shi ne kullum da safe in cika bokiti biyu, in zagaya bayan ɗakin Injiniya, in zuba wa wani ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Ƙarfe, ba dashen mangwaro ba. Bai taɓa yin ganye ba, ni ma ban taɓa sa rai ba.

Injiniya ɗan garinmu ne. Ya yi ƙuruciyarsa da girmansa a Kano yana gyaran kayan sadarwa, da ya yi ritaya sai ya dawo gida da mata ɗaya, da tari, da wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka wanda ya fi kula da shi fiye da tarin. Akwatin nan ba irin rediyon da muke ratayawa a reshe muna noma ba ne. Wannan kana jin mutane, su ma suna jin ka. Mutanen gari suka sa masa suna oba-oba, shi kuwa ba abin da ya tsana kamar sunan nan. Yana da takardar lasisi daga gwamnati, ya sa ta a gilashi ya rataye saman akwatin, da wasu haruffa da lambobi waɗanda su ne sunansa a cikin iska. Dokarsa ɗaya ce: kowa na iya zama ya saurara, kowa na iya koyon haɗa waya da narka dalma, amma maɓallin magana sai mai takarda.

Da farko mun fi goma. Kowace Asabar ake taruwa a ɗakin da ke jikin zaurensa, a gyara wa mutane rediyonsu kyauta, a buɗe cikin wanda ya mutu a ga abin da ya kashe shi, a murɗa akwati a ji Larabawa da Turawa da wasu da har yau ban san wace halitta ba ce. Sai wayar hannu ta shigo ta kwashe mana jama'a ɗaya bayan ɗaya. Muka rage mu uku: Injiniya, da ni, da Aji Biyar.

Aji Biyar manomi ne daga unguwar Maguzawa da ke gabas da fadama, Kirista, dattijo a cocinsu. Tare aka sa mu firamare. Ni na tsaya a aji huɗu, shi ya lallaɓa ya ƙara shekara ɗaya, kuma sama da shekara hamsin ke nan bai bar ni na manta ba. Shi ne mai kula da batir. Kafin a sa sola a kan rufi, shi yake ɗaure batirin mota a bayan keke ya kai caji Makoɗa ya dawo. Bayan an sa sola aikinsa ya koma goge farantin da tsumma, amma bai rage girman kai ba.

Eriyar kuwa wayar tagulla ce doguwa. Ta fita ta taga, ta hau kan gora, ta ƙetare gonar gero gaba ɗaya ta je ta kama reshen ɗorawa, da wuyan kwalba a kowane ƙarshe don kada ta taɓa itace. Wannan kowa yana ganinta, kowa ya yarda tana aiki, tunda a sama take. Ƙarfena ne ba wanda ya yarda da shi. Rami aka haƙa kusan tsayin mutum, aka zuba gawayi da gishiri, aka kafa sandar, aka ɗaura mata waya mai kauri da ta huda bango ta shiga bayan akwatin. Injiniya ya ce mini, "Magana da ƙafa biyu take tafiya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ƙasar nan tamu rairayi ce. In ta bushe, ƙafa ɗaya ta tafi."

Na ce to. Amma a raina na san dalilin. Kwana biyu kafin naɗin nawa na haɗa batir a juye, ja a wurin baƙi, wani abu ya yi fat a cikin akwatin, ɗaki ya cika da ƙauri. Injiniya bai yi mini faɗa ba. Sai kawai ya ƙirƙiro mini sarauta a bayan ɗaki, inda hannuna ba zai kai ga komai ba. Haka na fahimta, na kuma ga hikimar abin: ya kore ni ba tare da ya kore ni ba. Ni ma sai na riƙe wasan da muhimmanci. In mata masu zuwa rijiya suka tambaye ni yaushe zai yi 'ya'ya, sai in ce musu irin na Turai ne, sai ya shekara ashirin.

Laraba ce babbar ranarmu. Kowace Laraba bayan la'asar Injiniya yakan murɗa akwatin zuwa wani wuri da ya ɗiga wa jan fenti, sai wata murya ta fito daga cikin shuuu ɗin nan, tana kiran haruffansa. Wani tsoho ne a Agadas, shi ma mai takarda, shi ma ɗan fansho. Mutumin Laraba muke ce masa. Hausarsa ta can ce, mai kauri, in ya gama magana sai ya ce "gare ka", Injiniya ya danna ya amsa, shi ma ya rufe da "gare ka". Ba su taɓa ganin juna ba. Ba su kuma taɓa karɓar lambar wayar juna ba, da gangan. Injiniya ya ce ranar da ya sami lambar mutumin nan, ranar eriya ta zama igiyar shanya.

Hirar tasu ba wata babba ba ce. An yi ruwa, ba a yi ba. Gwiwa ta bari, gwiwa ta dawo. Sai kowa ya gaya wa ɗan'uwansa yadda muryarsa take isowa. In Mutumin Laraba ya ce, "Yau kamar a ɗakina kake," sai Injiniya ya dube ni ta saman tabarau ya danna ya ce, "Aikin Sarkin Ruwa ne." Aji Biyar ya tuntsire da dariya, ni kuma in gyara hula in ce a ci gaba da yi wa sarauta biyayya.

A bazarar da Injiniya ya rasu, tarin ya riga ya cinye shi. Larabar ƙarshe sai da muka riƙe shi ya zauna a kujera. Ya danna, ya yi sallama, muryar ba ta fi ta sauro ba. Mutumin Laraba bai san komai ba, don Injiniya bai taɓa gaya masa ciwon ya yi nisa ba. Sai ya tsokane shi yadda suka saba: "Kai, wannan murya kamar tsohuwa na cigiyar akuya! In ka gaji ka sauka ka ba yara wuri. Gare ka."

Injiniya ya ɗaga abin maganar zai rama. Tari ya turnuƙe shi. Ya yi ya yi, ya kasa, sai ya miƙa hannu ya kashe akwatin. A iya sanina ba su taɓa rabuwa ba sallama ba sai ran nan. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Aka yi jana'iza, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Aji Biyar bai shiga sahun salla ba, amma shi ya fi kowa daɗewa a cikin rami da magirbi a hannu, kuma kwana bakwai ɗin nan kullum yana gefen tabarma. Laraba ta zo ta same mu muna karɓar gaisuwa, ɗakin rediyo a kulle. Na tuna da Mutumin Laraba da la'asar ɗin, na ce a raina Allah sarki, sai wata tawaga ta iso daga Dawanau, na manta.

Bokiti kuwa tun ranar rasuwa na ajiye shi. Wanda muke wasan da shi ya tafi. Wa zan yi wa kuma?

A Laraba ta biyu Hajiya, matar marigayin, ta aiko a kira mu ni da Aji Biyar. Tana takaba, don haka daga bayan ƙofar zaure ta yi magana, mu muna tsugune a waje.

Ta ce, "Malam, akwai saƙon da ya bar mini, na rasa yadda zan yi da shi. Da safen ranar da ya rasu ya ce a gaya wa mutumin nan na rediyo ba fushi ya yi ba, tari ne ya ci ƙarfinsa. Ya ce a roƙa masa shi ya yafe masa kashe akwati da ya yi a kansa. Sau biyu ya faɗa. Na sa an duba wayarsa kaf, babu lambar. Ku kuka san hanyar."

Sai ga makulli ta turo ta ƙarƙashin ƙofa.

Muka buɗe ɗakin. Tabaransa na kan littafin da yake rubuta waɗanda ya yi magana da su. Aji Biyar ya haɗa batir, ni na tsaya nesa saboda tarihi. Akwatin yana nan a kan jan fenti inda mai shi ya bar shi. Ba mu daɗe ba sai ga muryar, tana kiran haruffan Injiniya, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Na dubi takardar da ke bango. Na dubi Aji Biyar.

Na ce, "Kai ne mai ilimin, danna."

Ya ce, "Aji Huɗu, saƙon mamaci ne zuwa ga ɗan'uwansa Musulmi. Kai ka san abin da ake faɗa. Ni in na fara sai in ɓata muku."

"To dokar fa?"

"Wanda ya kafa dokar shi ya aiko ka."

Na ɗauki abin maganar. Na danna, na kai shi baki na yi sallama. Wani abu ya cije ni a leɓe kamar rina, har na kusa yar da shi. Na daure na sake yin sallamar. Allurar da ke gaban akwatin, wadda in Injiniya na magana take tsalle har ta wuce tsakiya, ta ɗan motsa kawai ta koma ta kwanta. Na saki maɓallin. Mutumin Laraba yana ta kiransa, bai ma san an yi magana ba. Na yi ihu a cikin abin nan har sau biyar. Muna jin sa kamar yana zaure, shi ko alamarmu bai ji ba.

Can ya daina kiran haruffa. Sai ya yi magana irin ta wanda yake zaton ana jin sa an ƙi amsawa.

"Malam, na san kana nan. Laraba biyu ke nan. In maganar akuyar nan ce, wallahi wasa ne, bakina ne ya fi ni sauri. Ka yafe mini. Ga kuma abin da ban gaya maka ba: idanuna sun tafi, yara sun matsa sai sun mai da ni Yamai wurinsu. Sati mai zuwa za a sauke eriya. Laraba ɗaya ta rage mini. Zan kira. In ka amsa, alhamdu lillahi. In ba ka amsa ba, na san da abin da zan tafi. Gare ka."

Ya bar mana shuuu. Aji Biyar ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Tsoho makaho zai tafi wani gari da yaƙinin abokinsa yana fushi da shi, bai ma san ya mutu ba, alhali ga yafiyar a bakina, ta kasa ƙetare gonar gero.

Kwana biyu muna neman laifin. Aji Biyar ya goge sola har tana ɗaukar ido, ya kankare kan batir. Muka bi eriya taku-taku har gindin ɗorawa, tana nan lafiya, kwalabenta ba wanda ya fashe. Bayan akwatin kuwa muka leƙa muka ja da baya, don ba wanda zai sa hannu a cikin abin da mai shi ba ya nan. Ran Asabar muna zaune a ƙofar ɗakin, sai na ga yana kallon bakina. Leɓen ya kumbura, ya yi ɗan baƙin tabo.

Ya ce, "Wannan cizon. Ya taɓa cizon Injiniya sau ɗaya, shekarar da ka tafi jinyar 'yarka Kano ka yi sati uku. Da kansa ya ɗauki bokiti, yana tari yana zubawa." Ya matso kusa da ni. "Sarkin Ruwa, yaushe rabonka da ƙarfen?"

Na kau da kai.

"Tambayarka nake."

Na ce, "Tun ranar."

"Don me?"

"Ai wasa ne. Don kada in sake ƙona masa kaya ya ba ni. Kai ma ka sani, kai ne mai fara dariya."

Ya ce, "Ni hular da kake gyarawa nake wa dariya, ba ƙarfen ba. Shekara goma sha ɗaya kana zuba ruwa ba ka yarda ba?"

"In dai ina gari, ban fasa ko sau ɗaya ba."

"Ka fasa yanzu."

Muka zagaya baya. Kwana goma sha shida na rana irin ta bazara. Wurin da kullum yake da danshi har kaji na kwanciya a kai ya zama fari fat, ya tsattsage, gishiri ya fito sama kamar kanwa. Na kama kan ƙarfen, sai ya yi lako-lako a raminsa kamar haƙorin tsoho. Na daɗe a tsugune a wurin. Ban san zafin rasuwar Injiniya sosai ba sai a lokacin, don a lokacin na gane mutumin nan bai taɓa raina ni ba. Ni ne na raina kaina, na kuma jingina masa.

Ba lokacin kuka ba ne. Na ɗauko fartanya na buɗe gindin ƙarfen har gwiwa. Hajiya ta aiko da gawayin madafarta da duk gishirin da ke gidan. Muka daka, muka zuba, muka mai da ƙasa muka daddanna, na yi masa kewaye irin na dashe don ruwa ya tsaya. Rijiyar gidan ta ja baya, sai laka, don haka sai famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci. Jarka biyu a kan keken Aji Biyar, ni ina turawa shi yana riƙe da kai, safe da yamma. Ƙasar ta sha jarka shida ranar farko kamar ba a zuba komai ba.

Mutane suka fara magana. Wani ya tare ni a hanya da murya ƙasa-ƙasa ya ce in yi haƙuri, kowa zai mutu, in rage sa abin a rai. Mata a famfo ba su ƙara tambayata yaushe zai yi 'ya'ya ba, matsawa kawai suke yi su ba ni layi, wanda ya fi tsokanar ciwo. Ban yi wa kowa bayani ba. Da na yi ma ba zan iya ba, ilimin nawa na aji huɗu ne. Abin da na sani shi ne ƙafa ɗaya ta tafi, kuma ni na cire ta.

Ran Talata muka gwada, na danna ban yi magana ba. Allurar ta tashi, amma ba ta kai inda take kaiwa a hannun mai ita ba. Aji Biyar ya ce wataƙila ta isa. Na ce wataƙila ba ta kai mutum Agadas. Muka ƙara jarka huɗu.

Laraba na yi la'asar a sahun farko na fito ban tsaya gaisawa ba. Na zuba bokiti na ƙarshe, na shiga. Hajiya ta sa an ajiye mata tabarma a bayan tagar ɗakin ta cikin gida. Muka kunna. Shuuu ɗin ya yi tsawo har na fara tunanin yaran sun riga sun sauke eriyar. Sai ga shi. Bai yi wasa ba, bai yi gaisuwa ba, haruffan kawai ya kira, ya ce gare ka.

Na yi bisimilla na danna. Ba cizo. Allura ta haura tsakiya.

"Salamu alaikum. Kana ji na? Gare ka."

Sai ga amsa: "Wa alaikumus salam. Ina jin ka, ƙasa-ƙasa amma ina ji. Wane ne? Wannan ba muryarsa ba ce. Gare ka."

Na rasa da wane suna zan gabatar da kaina, tunda ba ni da haruffa. Na ce, "Baba, ni ne mai ba ƙarfe ruwa."

"Sarkin Ruwa?" Har ya ɗan yi dariya. "To ina mutumin? Ya aiko ka ne don shi ba ya magana da ni?"

Na tsara maganar kwana bakwai, amma duk ta zube. Na ce, "Aiko ni ya yi, Baba. Sai dai haƙuri. Allah ya yi masa rasuwa washegarin hirarku, da hantsi. Ba fushi ya yi ba. Tari ne ya hana shi amsa maka, ciwon ya daɗe, ɓoye maka ya yi. Ya bar wasiyya a roƙe ka ka yafe masa kashe akwati da ya yi a kanka. Satin da ya wuce ma muna nan, mun ji duk abin da ka faɗa. Laifina ne ba ka ji mu ba, na bar ƙasa ta bushe. Gare ka."

Na saki maɓallin. Ba abin da ke fitowa sai iska. Na ji Hajiya tana jan hanci a bayan taga.

Da muryar ta dawo, ta canza. Ya yi salati, ya yi istirja'i, ya yi wa marigayin addu'a mai tsawo, mu muna amin ba tare da mun danna ba, har da Aji Biyar. Sannan ya ce, "Babu abin da ya yi mini. In ma akwai na yafe, duniya da lahira. Ni fa? Ni da na ce masa tsohuwa yana kan gaɓa?"

Kafin in danna, Hajiya ta yi magana ta taga. "Malam, gaya masa a daren da suka yi hirar sai da ya ba ni labarin akuyar, yana dariya yana tari. Cewa ya yi in ya warke zai rama."

Na gaya masa, kalma da kalma. Na ji tsohon ya yi wani sauti, ban san ko dariya ba ce ko kuka, wataƙila shi ma bai sani ba.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka sauke mini dutse, Sarkin Ruwa. A yi wa Hajiya gaisuwa. Yanzu ka saki maɓallin, kada ka sake dannawa. Mu masu wannan abu muna da yadda muke sallamar namu. Zan kira shi sau uku. Kada kowa ya amsa."

Ya kira haruffan Injiniya. Ya jira. Ya sake kira. Ya jira. A na ukun muryarsa ta karye a tsakiya, amma ya kai ƙarshe. Wannan karon bai ce gare ka ba.

Muka zauna har hasken taga ya yi ja. Aji Biyar ya cire batir, ja daban baƙi daban, ya lulluɓe akwatin da zanen da aka saba. Na buɗe littafin Injiniya, a ƙarƙashin layinsa na ƙarshe na rubuta ranar da rubutuna na aji huɗu, na sa: an isar. Na tura makulli ta ƙarƙashin ƙofa.

Bayan arba'in babban ɗansa ya zo daga Kano ya kwashe akwatin da takardar da solar. Eriya ya naɗe ta ya bar wa Aji Biyar. Ƙarfen ya jijjiga ya jijjiga ya ƙi fita, ƙasar ta riƙe shi gam, sai ya haƙura ya bar shi. Yana nan bayan ɗakin, ba abin da ke tsirowa kusa da shi saboda gishiri. In na bi ta wurin zuwa masallaci da sauran ruwa a buta, nakan juye masa. Aji Biyar ya kama ni sau ɗaya. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa, ya karɓi butar ya ƙarasa zubawa.